Rabin Motar Yosiya

Duk wanda ya bi gangaren titin Ogden a unguwar Highbridge ta New York a shekarun baya zai ce koriyar mota ce kawai, irin dogayen motocin iyali masu kujera bakwai, wadda tsatsa ta fara cin ƙasan ƙofofinta. Sai wanda ya tsaya ya duba da kyau zai ga ƙofar gefen dama, mai zamewa, ta ɗan fi sauran jikin duhu. A hancin motar tambarin Plymouth ne. A ƙofar baya kuwa an ɓamɓare haruffan da ke jiki, amma rana ta riga ta dafa fentin da ke kewaye da su, inuwarsu ta zauna daram: Dodge. Mutanen coci sun yi shekaru suna shiga suna fita motar nan, ba wanda ya taɓa lura. Mutum huɗu ne suka san dalili. Akwai Kaneng, da wan mijinta Rwang, da Barmo makanike. Na huɗun shi ne mijin nata, Yosiya, mai motar, wanda ya rasu a watan Fabrairun 2013.

Kaneng 'yar garin Vom ce. Ta yi aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a gida kafin ta biyo mijinta New York a 2001, riƙe da hannun 'yarsu Hosanna. Takardunta na jinya ba su yi aiki a nan ba, sai ta shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, magani, canza zanen gado, da sauraron labarin da aka riga aka ba ta jiya. Ba ta da yawan magana. A coci an fi sanin masarta da muryarta. Ranar Asabar take soya masa ta dama kunun acca, ranar Lahadi Yosiya ya loda kuloli a bayan mota, ya bi gida-gida yana kwasar tsofaffin matan da gwiwa ta hana su hawa matakalar jirgin ƙasa.

A 2004 ne 'yan'uwan biyu suka tafi gwanjon motoci a New Jersey, suka dawo kowa da tasa, dukansu ƙirar 1998, dukansu kore. Rwang, babban, ya ɗauki Dodge Caravan. Yosiya ya ɗauki Plymouth Voyager, don ta ɗan fi sauƙi. Daga ranar gardama ta kafu. Rwang ya ce tasa ta fi ƙarfi a hawan tudu, Yosiya ya ce tasa ba ta shan mai. Suka kai ƙara wurin Barmo, mutumin Dogonduci ta Nijar da ke da ƙaramin gareji ƙarƙashin gadar jirgi a titin Jerome. Barmo ya buɗe bonet ɗin duka biyun, ya leƙa, ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

"Ku manya da ku kuna hwaɗa bisa tagwaye? Uwa guda uba guda ne. Riga ce aka canza musu."

Shi ya ba su tarihin, yana goge hannu da tsumma. Kamfani ɗaya ne ya fito da motar a ƙarshen 1983, ya raɗa mata suna biyu don ya sayar da ita a shaguna biyu. Daga baya ya ƙara na uku, Chrysler, ya sa mata kujerun fata saboda masu hali. Waɗanda aka kai Turai ma wani haɗin sunan aka ba su, kuma su ne Barmo ya fara kwancewa yana saurayi, lokacin da tsofaffinsu ke sauka a tashar ruwan Kwatano ana haurawa da su Nijar. Sunan Plymouth kuwa, in ji shi, kamfanin ya binne shi tun 2001.

Rwang bai ɗauki komai daga bayanin nan ba sai na ƙarshen. "Ka ji ko? Sunan motarka ma ya mutu."

Amma tasa ce ta fara mutuwa. A cikin dusar ƙanƙarar 2009 Dodge ta sulale masa a gangare, ta daki ginshiƙin gada da gefen hagu na gaba. Shi ya fito da ƙafarsa, ita ba ta sake tashi ba. Bai sayar da gawar ga 'yan gwangwan ba. Ya sa aka ja ta bayan garejin Barmo, ya ce wa ƙanensa duk abin da yake so ya ɗauka. Shekara huɗu Yosiya yana ɗauka. Ƙofar gefe ta lotse, aka sa ta Dodge. Wata babbar mota ta daki ƙofar baya, aka sa ta Dodge. Shi kuwa Rwang bai ƙara sayen mota ba. Aikinsa lodin jakunkuna ne a filin jirgin JFK, kuma tun daga lokacin jirgin ƙasa yake bi, kusan awa biyu zuwa, awa biyu dawowa.

Da Yosiya ya rasu ya bar wa Kaneng mota da takardunta, bai bar mata tuƙi ba. Shekara tara tana zama a kujerar dama, kwanon abinci a cinya, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Kuma a garin nan mota ba ta zaman makoki. Sau biyu a mako motar shara ke bin gefen titinsu, dole kowa ya janye tasa kafin ta iso, ya jira ta wuce, ya mayar. Wanda bai janye ba zai tarar da tikitin tara a gilashi, in ya yi sake a ja motar gaba ɗaya. Rwang na da mukulli na biyu tun zamanin ƙanensa. Ya ce kada ta damu, zai riƙa zuwa yana janyewa.

Makonnin farko ya janye ya mayar. Daga nan ya fara janyewa zuwa layinsu, can ƙasan tudu, wai can ya fi samun wuri. Sai ya fara tafiya aiki da ita, ranar Lahadi dai yakan kawo ta ya kai su coci. Wata Lahadi a watan Mayu Kaneng ta sauko da kuloli biyu daga hawa na huɗu, ta tarar wata jar mota ce a wurin da tasu ke tsayawa. Ta kira shi sau uku bai ɗauka ba. Ta ja kulolin zuwa tashar bas, kunun yana tangal-tangal, direban yana harararta. Tsofaffin matan ba su zo coci ranar ba. Rwang ya iso ana tsakiyar wa'azi, yana kaɗa mukulli a yatsa.

Ta tare shi a bakin matakala bayan an tashi.

"Yaya, da ka gaya mini ai."

"In gaya miki me? Matarmu, mota ba tukunya ba ce da za a kife a ƙarƙashin gado. In ba a tuƙa ta lalacewa take."

"Ta Baban Hosanna ce."

"Baban Hosanna ƙanen wa ne? Ni na goya shi zuwa makaranta. Ke a ina kike lokacin?"

Ta tattara kulolinta ta koma tashar bas.

Washegari ta ƙwanƙwasa ƙofar Hawawu, maƙwabciyarta 'yar zangon Kumasi, wadda ke tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, ta ce tana so ta koya mata tuƙi. Hawawu ta dube ta sama da ƙasa.

"Shekara nawa yanzu?"

"Hamsin da ɗaya."

"To mota ba ya tambayan shekara. Kawo takalmi mai kyau, ba wannan silifa ba."

Duk lokacin zafi suna zagaye filin ajiye motoci na wani babban kanti a ƙaramar motar Hawawu. Kaneng tana riƙe sitiyari kamar mai riƙe kan akuyar da za a ba magani. Jarrabawar farko ta hau dakalin titi. Ta biyu ta kasa shigar da mota tsakanin motoci biyu, mai jarrabawar ya rubuta abin da zai rubuta bai ko dube ta ba. Labari ya kai kunnen Rwang, ya mai da shi abin hira a coci. Ya ce a gaya wa mutanen Highbridge su shigar da yaransu gida, matar ƙanensa ta fito titi. Wasu suka yi dariya. Kaneng tana jin su daga inda take raba masa, ta ba Rwang nasa guda uku kamar kowa.

A watan Oktoba, karo na uku, ta ci. Ranar Lahadi ta jira aka gama sujada, ta je gaban Dattijo Nataniyel, wanda shi ke sasanta mutane a cocin, ta ajiye lasin ɗinta a kan tebur, ta ce tana so Yaya Rwang ya ba ta mukullin da ke hannunsa. Aka jawo kujeru. Mutanen da suka fara sa rigunan sanyi za su tafi suka fasa.

Rwang bai ɗaga murya ba da farko. Ya ce shi ba ya jayayya da mace, balle gwauruwar ƙanensa. Amma tun da an kawo magana gaban jama'a, a tambaye ta ƙofar da take buɗewa tana sa kulolinta ta wace ce. A tambaye ta lagireto. A tambaye ta kujerar baya da iyayen nan mata ke zama. Ya ce motarsa ba ta mutu ba, tana cikin ta Yosiya, kuma shi shekara huɗu yana tsaye a jirgin ƙasa don ƙanensa ya zauna.

"Takardun da sunana suke," in ji Kaneng.

"To ki hau takardun ki tuƙa. Rabin motar nan nawa ne."

Dattijo Nataniyel ya yi gyaran murya, ya yi dogon bayani a kan zumunci. A ƙarshe ya yanke cewa Rwang ya riƙe motar ranakun aiki, Kaneng ta karɓa Asabar da Lahadi saboda hidimar coci. Kowa ya gyaɗa kai. Hukuncin ya yi wa kowa daɗi, don tsofaffin za su samu mai kai su, kuma ba wanda zai ga ɓacin ran Rwang, wanda in ya yi fushi ba ya gajiya da faɗa.

Kaneng ta ɗauki lasin ɗinta ta sa a jaka.

"Rabi ka ce, Yaya?"

"Rabi. Ko fiye."

"To, na ji."

Aka ɗauka ta yarda. Har aka yi addu'ar godiya.

Asabar ta gaba, da motar ta zo hannunta bisa hukuncin dattijo, ba ta soya masa ba. Ta tuƙa ta a hankali zuwa titin Jerome, motocin bayanta suna ta danna mata oda, ta tsaya a ƙofar garejin Barmo. Wannan ne karo na farko da ta je wurin ita kaɗai.

"Madam Yosiya! Ke da kanki? An samu permin tuƙi ke nan. Barka."

"Malam Barmo, kai ka sa kayan Dodge a motar nan. Kana tune da su?"

"Kowane ƙusa."

"Ina so ka cire su duka. Ka samo mini wasu."

Barmo ya daɗe yana kallonta. Ya ce wannan ba gyara ba ne, yaƙi ne, kuma shi makanike ne. Ya ce kayan lafiyarsu lau, wanda zai samo a wurin 'yan gwangwan na Hunts Point ba lallai su kai su ba. Ya ce mutum ba ya rushe ɗaki don ya mayar wa maƙwabci azararsa.

"In maƙwabcin ya shigo ya kwanta a ɗakin fa?"

Barmo ya sosa gemu. "Bon. Zo mu duba."

Ya ɗauki alli suka zagaya motar, yana yi wa kowane abu alama. Ƙofar gefe. Ƙofar baya. Madubin dama. Fitilar baya ɗaya. Lagireto da fankarsa. Doguwar kujerar baya. Murfin tankin mai, wanda ita ba ta ma san an canza ba. Kaneng tana biye da shi. Sai ya buɗe ƙofar direba, ya tsaya, allin a hannu.

"Wannan ma."

"Wanne?"

"Kujerar. Ta marigayi ta karye tun shekarar da wansa ya yi hatsari. Ita ce ma abu na hwarko da muka ɗauko."

Kaneng ta kalli kujerar. Tsakiyarta ya lotsa daidai zaman Yosiya, ya ɗan karkata hagu, don haka yake zama saboda ciwon ƙugu. A gefe akwai yagewar da ya ɗinke da kansa da baƙin zare, ɗinkin maza, manya-manyan tsalle. Wurin jingina kai ya yi duhu da man gashinsa. Da safen nan da ta zauna a kai sai da ta yi minti biyar ba ta tayar da injin ba.

"Wannan ba wanda zai sani, Madam," in ji Barmo a hankali. "Shi kansa Rwang bai ambace ta ba, ko? Ni ban gani ba."

Gaskiya ne, bai ambace ta ba. Ta yiwu ya manta. Amma Kaneng ta san Rwang shekara ashirin da biyar. Ranar da zai leƙa ta taga ya tuna, ranar zai tsaya a gaban coci ya ce har yanzu a kan kujerarsa take zaune.

"Sa mata allin," ta ce.

Aikin ya ci mako biyu. Da Rwang ya zo ɗaukar mota ranar Litinin bai same ta ba, Kaneng ta ce tana wurin gyara, ya ce ai ya faɗa, kwana ɗaya a hannun mace ta kai ta asibiti. Barmo ya samo wata Chrysler fara da aka daka ta gaba, ya kwaso abin da ake bukata. Komai ya zauna daidai, ramin ƙusa a kan ramin ƙusa, kamar yadda ya gaya wa 'yan'uwan tun farko. Ya canza makullan ƙofofi da na tayar da inji. Motar ta fito kore da ƙofofi biyu farare, kamar saniyar Fulani mai roɗi, da kujerar direba ta fata mai santsi, wadda wani da ba ta sani ba ya zauna a kai ya bar nasa lotsin.

Ranar Asabar da hantsi Barmo ya loda kayan Dodge a motarsa ta ɗaukar kaya, Kaneng ta bi shi a baya. Suka sauke a gaban benen su Rwang, suka jingina ƙofofin da shinge, suka jera sauran a ƙasa. Barmo ya ce shi aikinsa ya ƙare, ya ja motarsa ya bar layin da sauri. Kaneng ta danna ƙararrawa.

Rwang ya sauko da singileti da silifa. Ya kalli kayan, ya kalli motar, ya sake kallon kayan. Matan da ke dawowa daga wanki suka rage tafiya. Wani ya buɗe taga a hawa na biyu.

"Mene ne wannan?"

"Rabinka ne, Yaya. Ka duba, in akwai abin da ya rage ka faɗa yanzu."

"Kin yanka motar ƙanena?"

"Na mayar maka da taka."

"A titi? Kamar shara? Ke ba ki da kunya, Kaneng. Wallahi da Yosiya yana raye da bai bari kin yi wannan ba."

"Da yana raye da ban ɗauki kunu a bas ba."

Ya zaro mukullinsa daga aljihu, ya taka zuwa motar, ya zura a ƙofa. Mukullin bai juya ba. Ya gwada sau biyu, ya jefar da shi, mukullin ya yi tsalle a kan kwalta ya shige ƙarƙashin wata mota. Ya faɗi maganganu da yawa bayan nan, wasu da Hausa, wasu da yarensu na Berom don maƙwabta kada su ji. Ya ce ita ba matarsu ba ce daga yau. Ya ce zai kira gida a gaya wa dangi, kuma ranar auren Hosanna ta nemo wanda zai tsaya a matsayin uba. Wannan ta shige ta, amma ba ta bari fuskarta ta nuna ba.

Yana cikin faɗan ne idonsa ya sauka a kan kujerar. Tana ajiye a gefe, kusa da lagireto, ta ɗan karkata saboda ƙarafunan ƙasanta ba su zauna daidai a kan siminti ba. Ya sunkuya ya taɓa ɗinkin baƙin zaren da babban yatsa.

"Har wannan?"

"Taka ce."

"Ke muguwa ce," ya ce, muryarsa ta sauka. Bai ƙara kallonta ba. Ya rungumi kujerar, ya ɗaga ta da nishi, ya tura ƙofar benen da kafaɗa. Gidansu ba shi da lif, kuma a hawa na biyar yake. Tana tsaye tana jin ƙarafunan suna bugun matakala, hawa bayan hawa, har ƙarar ta ɓace. Sauran kayan ya bar su a wurin. Kafin la'asar masu tsintar ƙarfe sun kwashe.

Tun daga ranar ba su sake gaisawa ba. A coci yana zama dama, tana zama hagu. Dattijo Nataniyel ya yi wata guda ba ya karɓar masarta, daga baya ya koma karɓa. Tsofaffin matan kuwa ba su ce komai a kan rikicin ba, illa ɗaya da ta yi ƙorafin cewa sabuwar kujerar baya tana da santsi, kuma Kaneng tana taka birki kamar mai kashe kunama.

Amma a ranar Asabar ɗin, bayan ƙarar matakalar ta ɗauke, Kaneng ta koma mota. Kujerar fatar ta yi mata nisa da totur, ta lalubi ƙarfen da ke ƙasa ta jawo ta gaba. Ta duba madubi, ta ba da hannu duk da ba kowa a bayanta, ta hau titi. A hanya ta tsaya a shagon wani mutumin Maraɗi ta sayi shinkafar tuwo da yis da albasa, don gobe Lahadi ce kuma ba ta jiƙa komai ba tukuna.